Koyon Ginin Tangaran a Kan Keke: Tambayoyi da Amsoshi ga Masu Farawa a Kaduna

Masu tambayata game da ginin tangaran iri-iri ne. Akwai ɗalibai daga Zariya da suka taɓa keken gini, wato faifai mai juyawa da ake ɗora yumɓu a kai, a makaranta amma bai ishe su ba, akwai matan aure masu neman sana'ar da za su yi a cikin gida, akwai kuma 'ya'yan magina na gado da ke son ganin abin da keke zai ƙara musu. Tambayoyinsu sukan zo kusan iri ɗaya, shi ya sa na tattara su wuri guda. Maganata a kan kayan amfani take: kofin shayi, kwanon miya, faranti, buta. Gidajenmu cike suke da tangaran da aka shirya a kabet tun ranar jere, ko ruwa ba a taɓa zuba musu ba. Wanda nake so a koyi ginawa shi ne wanda za a ci abinci a cikinsa yau, a wanke, gobe a sake ɗaukowa.

Malam, mene ne ainihin bambancin tangaran da tukunyar ƙasa?

Bambancin a wuri biyu yake: irin yumɓun, da zafin wutar da ya sha. Tukunya da tulu da randa, da jan yumɓu ake gina su, a gasa a fili da itace da ciyawa. Wutar fili da wuya ta haura digiri 900 a ma'aunin Salsiyas. A wannan zafin yumɓu ya yi tauri, amma jikinsa na nan da ƙananan ƙofofin da ido ba ya gani. Ta cikinsu ruwa ke tsattsafowa, iska ta busar da shi, na cikin randar ya yi sanyi. Hikimar randa ke nan, kuma tangaran ba zai taɓa iya wannan aikin ba.

Shi tangaran haɗin abu uku ne: farin yumɓu da ake kira kawolin, da garin dutsen felsifa, da garin farin dutsen ƙanƙara, wato silika. Ana kai shi digiri 1260 zuwa 1300, wasu masana'antu har 1400. A can ne felsifa ke narkewa ta toshe ƙofofin nan gaba ɗaya. Sai ya fito fari, ba ya shan ruwa, in ka ƙyasta shi da farce ya yi ƙara mai tsawo, inda ya yi siriri kuma in ka ɗaga shi ga rana sai ka hango inuwar yatsanka ta baya.

Tsakanin biyun akwai wanda magina ke kira sitonwaya. Shi ma wuta mai tsanani yake sha, ba ya yoyo, amma launinsa toka-toka ne ko ruwan ƙasa, haske kuma ba ya ratsa shi.

Wannan ba aikin 'yan Sin ba ne? Ana yin irinsa a nan kuwa?

A ƙasar Sin aka fara shi, sama da shekara 1000 da suka wuce, kuma har yau garin Jingdezhen da shi aka san shi. Turawa sun daɗe suna sayensa da tsada ba su gano haɗin ba, sai a 1710 aka buɗe masana'antar Meissen a Jamus.

Amma yumɓu ba baƙonmu ba ne a jihar nan. Mutum-mutumin Nok, da aka sa wa sunan ƙauyen Nok na ƙaramar hukumar Jaba, sun haura shekara 2000. Matan Gbagyi kuwa har gobe suna gina tulun da ko an ɗora shi a keke ba zai fi haka daidaito ba. Keke da tanderu mai zafi sun kafu ne ta hannun Michael Cardew, maginin Ingila da gwamnatin mulkin mallaka ta ɗauka aiki a 1950, wanda ya buɗe cibiyar koyar da gini a tsohuwar Abuja, Suleja ta yau. A 1954 Ladi Kwali ta shiga cibiyar, ita ce mace ta farko a can, kuma ta riga ta ƙware a ginin hannu kafin ta zauna kan keke. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a Minna a 1984, hotonta ne a bayan naira 20.

Abin da Suleja ta fi yi sitonwaya ne. Sai dai ta nuna abu guda da ya shafe mu kai tsaye: da yumɓu da duwatsu da tokar ƙasar nan ana iya yin kayan da za su jure wuta mai tsanani. Daga wannan tsatson aka sami Maraba Pottery a Maraban Jos, kan hanyar Zariya. A Jami'ar Ahmadu Bello kuma ana koyar da wannan fanni a sashen zayyanar kayan masana'antu.

In fara da farin yumɓu kai tsaye?

A'a. Na san abin da ya ja ra'ayinka shi ne farin, amma ka ɗan jinkirta masa. Ƙwayoyin kawolin sun fi na yumɓun fadama girma, saboda haka danƙonsa kaɗan ne. Yana shan ruwa da sauri, ya saki jiki, ya zube tun kana neman inda za ka sa yatsa. Jan yumɓu mai danƙo zai ba ka lokaci ka yi kuskure ka gyara. Tangaran ba ya ba da wannan lokacin, kuma kowane dunƙule da ya lalace wahalar haɗawa ce ta tafi.

Ga ma'aunin da nake ba kowa. Auna giram 500 na yumɓu, ka gina miƙaƙƙen kofi mai tsayin santimita 12, bangonsa kauri ɗaya daga ƙasa har baki. Ranar da ka jera goma irinsa a kan katako, ɗaya bai fi ɗaya ba, ka isa ka taɓa fari. Wanda ke zama kan keke kullum zai kai nan cikin 'yan watanni. Wanda ke zuwa sau ɗaya a mako zai daɗe, don hannu yana mantuwa.

Keken ƙafa ko na lantarki?

A Kaduna na fi ba da shawarar na ƙafa ga mai farawa, kuma ba don halin wutar Nefa kaɗai ba. Keken ƙafa yana rage gudu da kansa yayin da bango ke tashi, wanda shi ne daidai abin da tangaran ke so. Masu walda a Panteka za su iya haɗa maka shi: teburin ƙarfe da wurin zama, sandar ƙarfe a tsaye, boris biyu, ƙaton faifan siminti a ƙasa wanda ƙafa ke turawa, da ƙaramin faifai a sama mai faɗin santimita 25 zuwa 30. Na ƙasan ya kai nauyin buhun siminti ko ya ɗara, in ba haka ba zai riƙa tsayawa da ka danna yumɓu.

Abu biyu kada ka yi sassauci a kansu. Faifan sama a kai shi wurin mai injin fere ƙarfe ya daidaita shi, domin in yana rawa ko kaɗan, za ka yi ta zargin hannunka alhali laifin keke ne. Na biyu, a yi shi da alminiyam. Baƙin ƙarfe yana tsatsa, tsatsa kuma ita ce babbar abokiyar gabar farin yumɓu.

Na lantarki yana da daɗi, kuma injinsa ƙarami ne, mai sola da inbata zai iya tafiyar da shi.

Sauran kayan aiki fa?

Ba su da yawa. Soso, zaren kamun kifi na yanke gindi, allura mai kauri da aka kafa a icce, tsohon katin banki ko sakaina mai santsi ta gyaran bango, ɗan ƙyallen fata mai laushi na shafe baki, wuƙar fere, sikeli, leda, da bokitai masu murfi. Waɗanda suka taɓa jan yumɓu kada su taɓa fari sai an wanke su tas. In da hali, a ware wa kowanne nasa.

A ina zan sami farin yumɓu, kuma yaya ake haɗa shi?

Kawolin muna da shi. Na Ƙanƙara a jihar Katsina sananne ne, akwai na Alkaleri a Bauchi, akwai a Filato. Felsifa ana haƙo ta a jihar Kogi da wasu wuraren masu duwatsu. Matsalar ba samuwa ba ce, tacewa ce da niƙa.

Haɗin da aka saba farawa da shi, a busasshen awo: kawolin kashi 50, felsifa 25, silika 25, sai a ƙara bentonayit, wani yumɓu mai tsananin danƙo, kashi 2 zuwa 3 don ya sami danƙon da zai tsaya a keke. Wasu sukan raba kason kawolin biyu, su cike rabi da yumɓu mai danƙo wanda ke fitowa da haske bayan gashi. Wannan ya fi sauƙin gini nesa ba kusa ba, sai dai farinsa yakan ja zuwa ruwan madara, haske kuma ba ya ratsa shi sosai. Ga mai yin kofi da kwano na amfani, wannan ciniki ne mai kyau, kuma da shi nake so ka fara in ka kai ga fari.

Kawolin da aka haƙo yana zuwa da yashi da ƙyalƙyalin dutse. A jiƙa shi a durom, a dama sosai, a bar yashin ya kwanta na 'yan mintuna, a tsiyaye farin ruwan sama ta rariya mai laushi ƙwarai. Felsifa da silika kuwa sai an niƙa su a injin niƙan dutse har su yi laushin hoda. Turmi ba zai kai su can ba, kuma in suka yi tsaki-tsaki ba za su narke ba ko wuta ta kai. A haɗa komai a ruwa, a dama, a zagaya maganaɗisu a ciki ya kwashe ɓurɓushin ƙarfen da injin niƙa ya bari, a sake tacewa. Daga nan a zuba a kan allon filasta, wato POP, ko a rataye a buhun yadi ruwan ya tsane. In ya kai yadda za a iya cuɗa shi, a ƙulle a leda a ajiye a inuwa na makonni. Yumɓun da ya kwana biyu a leda ya fi sabon haɗi biyayya.

Kowane sabon buhu da ka sayo, gasa ɗan gwaji kafin ka gina kaya da shi. Rami ɗaya ma yakan ba da ƙasa iri biyu.

Farar ƙasar da ake sayarwa a kasuwa, ita ce kawolin?

Wata ita ce, wata ba ita ba ce. Akwai wadda alli ce zalla. Ɗiga mata ruwan lemun tsami: in ta yi kumfa, alli ce, kada ta shiga jikin yumɓunka, don za ta iya narkar da kayan a wuta mai tsanani. Amma kada ka zubar, tana da amfani a ruwan ƙyalli, wanda ake tsoma kaya a ciki don su fito da sheƙi. Kawolin ba ya kumfa, kuma in ka jiƙa shi za ka ji santsi da ɗan danƙo.

Dole ne sai na cuɗa kafin kowane gini?

Dole ne. Cuɗa tana fitar da iska, tana kuma daidaita laushin dunƙulen. Yanka shi biyu da zare ka duba, in ka ga rami ka ci gaba. Kada ka cuɗa a kan filastar da ke ɓarewa, don ɗan gutsurenta a cikin bango yakan fasa wurin bayan gashi.

Yumɓun yana ta rawa, na kasa tsayar da shi a tsakiya. Ina nake kuskure?

Nan ne mafi yawa ke karaya, kuma kusan kullum dalilin ɗaya ne: hannu ne ke bin yumɓu, maimakon yumɓu ya bi hannu. Matso kusa da keken har faifan ya shiga tsakanin cinyoyinka. Kafe gwiwar hannun hagu a ƙugunka ko a cinya, ta yadda in yumɓun ya turo, duk jikinka zai tura, ba yatsu ba. Ka jingina da nauyinka. Ƙarfin damtse ba ya cikin lissafi, shi ya sa yarinya 'yar siririya takan riga ƙato iyawa.

Faifan ya zama da ɗan danshi kawai, in ya jiƙe dunƙulen zai zame. Buga shi a tsakiya, ka ba keken gudu, ka matse shi da hannu biyu ya tashi tsololo, sannan ka danne shi ya koma ƙasa. Yi haka sau biyu ko uku. Idan za ka ɗauke hannu, ɗauke a hankali. Da yawa sukan tsayar da shi daidai, sai su fizge hannu su mai da shi inda yake. In kana shakkar ko ya tsaya, rufe ido ka ɗora yatsa a gefensa, yatsa ya fi ido gane rawa.

'Yar'uwa, zobe da awarwaro a cire, farce kuma a yanke.

Ina jan bango sai ya murɗe ko ya zube.

Ka fara da duba ruwan da kake zubawa. Tangaran ba ya son wanka. Maimakon ruwa zalla, yi amfani da kunun yumɓun da ke taruwa a hannunka, yana ba da santsi ba tare da ya jiƙa bangon ba. Ruwan da ya kwanta a ciki kuma a tsane shi da soso bayan kowane ja.

Sai gudu. Tsayarwa a tsakiya ce ke son gudu, jan bango ba ya so. Rage shi zuwa rabi, in bango ya yi tsawo ka ƙara ragewa. Yatsun ciki su kasance sama da na waje kaɗan, hannayen biyu su taɓa juna ta babban yatsa don su tafi tare. Ka tashi daga ƙasa a natse, kada hannu ya riga juyin keken. Juyi yana son ya buɗe bakin waje, saboda haka ka riƙa karkato bangon ciki kaɗan, sai a ƙarshe ka ba shi siffa. Bayan kowane ja, danne baki da yatsa.

Ja uku ya kamata su kai ka. Na huɗu da na biyar sukan zo ne lokacin da yumɓun ya riga ya gaji. In ka ga ya fara sheƙi yana laushi, bar shi, ɗauki wani.

Abin da ya fi koyar da mutum shi ne yanka. Sa zare ka raba kofin da ka gina biyu daga ƙasa zuwa sama, ka dubi kaurin. Za ka ga yumɓu jibge a kusurwar ƙasa, sama kuma siriri. Zuciya ba ta son yanka abin da ya yi kyau, amma a watannin farko ka yanka fiye da yadda kake ajiyewa.

Me ke sa gindi ya yi tsaga mai lanƙwasa in ya bushe?

Ba a danne shi ba, ko an bar ruwa ya kwana a ciki, ko gindin ya fi bango kauri da yawa. Bayan ka buɗe tsakiya, bar kaurin milimita 7 zuwa 8, ka auna da allura, sannan ka bi gindin da yatsa daga gefe zuwa tsakiya sau da yawa kana dannawa. Da baki ya yi ƙarfin da zai ɗauki nauyi, kifa kofin don gindin ya sha iska.

Yaushe ake fere gindi?

Idan ya yi taurin da in ka danna farce zai bar alama amma yatsa ba zai lotsa shi ba. Wuƙa ta riƙa fitar da dogayen zare. In tana fitar da gari ka makara, in tana cakuɗewa ka yi sauri. Magina a Jingdezhen sukan gina da kauri, su fere har ya yi siriri, ba abin kunya ba ne ka bar ɗan kauri a ƙasa don wuƙa ta gyara. Wuƙar dai ta kasance da kaifi, don silika tana cinye bakinta da wuri. Ka riƙa ƙwanƙwasa gindin kana saurare, in sautin ya fara zama na abu mai kogo, tsaya.

Mariƙin kofi yana rabuwa da jiki. Ko yanayi ne?

Yanayi na da hannu sosai. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana busar da komai cikin gaggawa, kuma ba ta busarwa daidai. Mariƙi siriri ne, iska na zagaye shi ta ko'ina, sai ya riga jiki bushewa, ya tsuke, ya ja mahaɗin ya tsage. Kofin da ka gina da hantsi yana iya wuce lokacin fere kafin la'asar.

Maganin shi ne jikin da mariƙin su kasance da danshi ɗaya lokacin haɗawa. Karce wuraren biyu da allura, shafa kunun yumɓu mai kauri, danna sosai. Sannan a jera kofunan a da'ira, mariƙai na kallon ciki, a lulluɓe da leda kwana biyu ko uku kafin a fara buɗewa kaɗan-kaɗan. Ka kuma yi wa kanka akwatin danshi: babbar roba mai murfi, a zuba filasta a ƙasanta ta daskare, a riƙa jiƙa ta. Abin da ka sa a ciki zai jira ka kwanaki.

Damina kuma akasin haka take. A watan Agusta kaya sukan yi kamar sun bushe alhali da saura. Kara gindin a kuncinka, in ka ji sanyi akwai ruwa. Wanda aka sa a wuta haka, tururi zai tarwatsa shi, ya ɓata na kusa da shi.

Na gina babban kofi, ya fito ƙarami.

Haka yake. Daga keke zuwa ƙarshen gashi tangaran yakan ragu da kashi 12 zuwa 15 cikin 100. Yi ɗan falle na yumɓunka, ka ja layi mai santimita 10 daidai, ka gasa, ka sake aunawa. In ya dawo 8.7, raguwarka kashi 13 ce, kofin da kake so ya tsaya a santimita 9 kuwa sai ka gina shi 10.3.

Wane irin tanderu nake bukata?

Kada ka fara da gina tanderu. Nemi maginin da ke da shi, ka biya kuɗin wuri, ka tsaya ka ga yadda ake loda kaya da yadda ake bin wuta. Za ka koyi abin da karatu ba zai ba ka ba.

In lokacin naka ya zo, na gas ya fi dacewa da mu. Na lantarki yana jan wuta mai yawa awanni a jere, in aka ɗauke a tsakiya aiki ya tsaya. Na itace yana kai zafin, da shi Suleja ta yi aiki, amma tokarsa tana sauka kan kaya, sai an sa tangaran cikin akwatunan yumɓu masu jure wuta, ga kuma yawan icen da yake ci. Tubalin da ke riƙe zafi ana iya yinsa da kawolin da garin katako: garin ya ƙone, ya bar ƙofofin iska.

Gashi biyu ne. Na farko digiri 950 zuwa 1000, don kayan su yi ƙarfin riƙewa amma su iya shan ruwan ƙyalli. A fara da ƙaramar wuta ƙasa da digiri 100 na awanni har danshi ya fita, a kuma bi a hankali wajen digiri 573, inda silika ke kumbura farat ɗaya. Na biyu shi ne mai kaiwa 1280 ko sama. Agogon zafi yana gaya maka zafin iskar ciki ne kawai, saboda haka a sa 'yan tsinin gwaji da ake kira kon, lamba 9 da 10, a gaban ramin leƙe. Lanƙwasawarsu ce ke nuna kayan sun nuna. In aka rage wa wutar iska a rabin ƙarshe, farin yakan fito da ɗan shuɗi-shuɗi, in aka bar mata iska sosai ya fito ruwan madara.

Tanderun gas a rumfa mai iska ake ajiye shi, ba a ɗaki ba, hayaƙinsa yana kisa ba tare da wari ba. Kada a leƙa ramin sai da gilashin walda. Tukunyar gas takan yi ƙanƙara in an daɗe ana ja, a tsayar da ita cikin baho mai ruwa. Bayan an kashe, a toshe ko'ina, a bar shi kwana guda ko fiye, sai hannu zai iya taɓa kayan a buɗe.

Ruwan ƙyallin fa? Ba shi da illa ga mai cin abinci?

Ga haɗi mai sauƙi da magina suka daɗe suna amfani da shi a wannan zafin: felsifa 40, silika 30, alli 20, kawolin 10. Yana fitowa garau. In ka ƙara jan garin ƙarfe kashi 1 zuwa 2, ka rage wa wuta iska, za ka sami kore mai haske. Kobal, wani garin ma'adini mai ba da launi, rabin kashi ɗaya ya isa ya ba da shuɗi. Tokar ɓuntun shinkafa kusan duk silika ce, ana iya gwada ta a madadin wani kaso. A tsoma kofin daƙiƙa biyu ko uku, a goge ƙasan gindin tas, in ba haka ba zai manne da allon tanderu.

Abin da nake roƙon kowa da shi: kada dalma ta kusanci kayan abinci. Akwai masu ba da shawarar a fasa tsohon batirin mota don a sami ƙyalli a ƙaramar wuta. Tsamin miya da na lemo suna jawo dalmar ta shiga abinci. Mun ga abin da gubar dalma ta yi a Anka da Bukkuyum a 2010, inda yara aƙalla 400 suka rasu sanadiyyar niƙan dutsen zinariya a cikin gidaje. A zafin tangaran felsifa ce ke narkar da ƙyalli, babu bukatar dalma ko kaɗan.

Kafin ka sayar, kwantar da yankan lemun tsami a cikin kwanon ya kwana. In launin wurin ya canja, wannan ƙyallin bai dace da abinci ba. In kuma ka ga ƙananan tsage-tsage sun bazu a fuskarsa, ƙyallin ya fi jikin tsukewa ne, ƙara masa silika kaɗan ka sake gwadawa. Mai da miya suna maƙalewa a irin wannan tsagar.

Kayana sun fito da baƙaƙen ɗigo, wasu kuma sun karkace.

Ɗigon ƙarfe ne: tsatsa, ko jar ƙurar garin nan da ke shiga ko'ina, ko ruwan rijiya mai ƙarfe. A rufe bokitai, a lulluɓe kayan da ke bushewa. Karkacewa kuwa, tangaran yana yin laushi a ƙololuwar wuta, duk inda ka matse shi yana ɗanye sai ya koma can. Ka riƙa gini a kan ɗan faifan katako da za ka ɗauke gaba ɗaya ba tare da ka taɓa kofin ba. Allon tanderu ya zama shimfiɗaɗɗe, a barbaɗa masa alumina, wani farin gari mai jure wuta, don gindi ya sami damar tsukewa.

Wane irin kaya ya kamata in gina, tunda na waje sun cika kasuwa?

A farashi ba za ka ja da tangaran da ake saukewa katan-katan a Kasuwar Gumi ba, kada ma ka gwada. Inda za ka fi su shi ne ka san wanda zai ci a ciki. Waɗancan an yi su ne don masu cokali da tebur.

Dubi kwanon miya. Da hannu muke cin tuwo, don haka bakinsa ya buɗe yadda hannu zai shiga ya fita, cikinsa ya lanƙwasa ba kusurwa, loma ta iya share miyar har ƙasa. A ƙasa ake ajiye shi, kan tabarma ko darduma, yara na kewaye, to gindinsa ya yi faɗi. Ya kuma zo da murfi, saboda ƙuda da ƙura, da kuma abincin da ake aika wa maƙwabta ko a ajiye wa maigida. Murfi da kwano a gina su rana ɗaya, su bushe tare, a gasa su tare, a shafa alumina a mahaɗin, ta haka ne za su zauna daidai. Kwanon fura yana son zurfi don ludayi ya yi aiki. Kofin shayinmu babba ne, mai cin mililita 300 zuwa 350, mariƙinsa ya ɗauki yatsu uku ba tare da sun taɓa jikin mai zafi ba, bakinsa ya ɗan buɗe waje don leɓe ya zauna. In buta za ka yi, tsinin bakinta ya kai tsayin inda shayi zai tsaya, in ba haka ba za ta zubar tun ba ta cika ba. Faranti ya fi komai son karkacewa, bar shi sai ƙarshe.

Kada son a ga haske ya ratsa ya sa ka fere har ya zama ba ya taɓuwa. Baki mai kaurin milimita 3, a zagaye shi da ƙyallen fata, zai jure wanke-wanke na shekaru. Ana kuma iya rubuta sunan amarya ko na jariri da kobal a ƙarƙashin ƙyalli, rubutun da wanki ba ya gogewa.

Zan iya ɗora shi a wuta, ko in yi kaskon turare da shi?

A'a. Zafin da ya bugi gefe ɗaya yana fasa shi. Girki da garwashi aikin tukunyar ƙasa ne da kasko.

Akwai haɗari ga lafiyar mai aikin?

Ƙura. Garin silika in ya shiga huhu ba ya fita, a hankali yake taruwa har numfashi ya gagara. Kada a share wurin aiki da tsintsiya a bushe, a goge da jiƙaƙƙen tsumma. Lokacin auna gari a sa abin rufe hanci mai tace ƙura, ƙyalle bai isa ba. Mai aiki a cikin gida ta ware wurin daga madafa da inda yara ke wasa, kayan aikin kuma a wanke su daban. Bayanka ma ka kula da shi: kujera ta yi daidai da tsayin faifai, ka riƙa tashi kana miƙewa.

Abin da ya lalace zubarwa ake yi?

Muddin bai shiga wuta ba, yumɓu ne har yanzu. Tara ɓarɓashin fere da kofunan da ka yanka, ka bar su su bushe ƙarau, don busasshe ya fi mai danshi saurin narkewa a ruwa. Jiƙa su a bokiti, ka haɗa da kunun da ya taru a tiren keke, saboda mafi laushin ƙwayoyin yumɓun a cikinsa suke, in ka zubar da shi danƙon zai ragu. Tsane a kan filasta, cuɗa, mai da shi leda. Wanda ya fashe a gashin farko ana iya daka shi a zuba cikin yumɓun yin akwatunan tanderu. Wanda ya sha ƙyalli ba ya komawa, amma ka ajiye gutsure ɗaya daga kowane gashi, ka rubuta a jikinsa haɗin da aka yi, da ranar, da kon ɗin da ya lanƙwasa, da wurin da ya zauna a cikin tanderu.